Ƙazuwar Kare a Kausani: Inda Mai Ke Aiki da Inda Ƙarfinsa Ke Ƙarewa

Duk wanda ya saba da ƙauyukan ƙasar Wudil ya san wannan kare, ko da bai taɓa kiwon kare ba. Yana kwance a gindin rumbu ko a jikin danga, gashin gefen kunnuwansa ya zube, gwiwoyinsa sun yi kauri sun yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka, cikinsa ya yi jajawur saboda susa. Ba ya daɗewa bai ɗaga ƙafar baya ya karci jikinsa ba, inda ƙafa ta kasa kaiwa ya sa haƙori. In ka matsa kusa sai wani ƙarni ya buge ka, ga ƙudaje na bin inda fatar ta fashe. Mai shi, in mai kula ne, ba ya rasa wata kwalba a ɗaki: man darbejiya, ko man kaɗe, ko man ja da aka kwaɓa da farar wuta. In kuwa aka yi rashin sa'a, abin da ke cikin kwalbar baƙin mai ne da aka juye daga babur ko injin ban-ruwa.

Kausani ɗaya ce daga mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil, kuma kamar sauran karkarar Kano, kare a nan ma'aikaci ne. Shi ke gadin gida da garke, shi ke bin mafarauta daji idan an kawar da amfanin gona rani ya shigo, shi ke kwana a bakin rugar makiyayi. Addini ma ya san da wannan aiki, domin hadisai sun yi rangwame ga ajiye kare saboda farauta da kiwo da tsaron gona, aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba. Labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa yana cikin Bukhari da Muslim. Saboda haka wanda ya tashi nema wa karensa magani bai yi abin kunya ba, ya sauke nauyin da ke wuyansa ne. Abin tattaunawa shi ne wane magani, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suna ɗora wa mai kayan da ya fi ƙarfinsa. Man itatuwa yana da amfani na gaskiya a fatar kare, amma amfanin yana da iyaka, kuma iyakar tana rataye da tambaya guda da ba kasafai ake yi ba: mene ne ainihin abin da ke cin fatar?

Matsalar ta faro ne daga harshe. Da zarar gashin kare ya zube sai a ce ƙazuwa, alhali cututtuka da dama ne ke fakewa a ƙarƙashin wannan suna. Ƙazuwa ta haƙiƙa wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda masana ke kira sarkoftis, bai kai rabin milimita ba, da ƙyar ido ke ganinsa. Macen takan haƙa rami a cikin saman fata ta riƙa zuba ƙwai tana tafiya, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, kafin mako uku 'ya'yan sun girma sun soma nasu haƙan. Tun a 1687 wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka nuna cewa ƙwaro ne ke haddasa ƙazuwar mutum, kuma na kare ɗan'uwansa ne na kusa. Ita ce mai tsananin ƙaiƙayi, takan fara daga gefen kunne da gwiwa da ƙasan ciki, tana yaɗuwa daga kare zuwa kare kamar wutar daji, musamman lokacin hunturu da karnuka ke cunkushewa wuri guda don jin ɗumi. Likitocin dabbobi suna da wata dabara mai sauƙi: a murza gefen kunnen karen a hankali tsakanin yatsu biyu, in ya ɗaga ƙafar baya yana susar iska, to akwai ƙwaƙƙwaran zaton ita ce. Akwai kuma wani ƙwaron daban, demodes, mai siffar tsinke, wanda ke zaune can cikin ramin da gashi ke tsirowa. Shi kwikwiyo yakan same shi daga uwarsa tun kwanakin farko na shan nono, kusan kowane kare na ɗauke da shi ba tare da wata illa ba, sai garkuwar jiki ta yi rauni saboda yunwa ko tsutsar ciki ko wata cuta sannan ya yi yawa. Alamarsa zubewar gashi a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, sau da yawa ba tare da ƙaiƙayi sosai ba. Ga makero, wanda dangin fumfuna ne, mai yin zagayen sanƙo kamar an ɗora kwabo an aske. Ga ƙwayar bakteriya mai sa ƙuraje da mugunya da wari, wadda galibi takan shigo ne ta ƙofar da susa ta buɗe. Ga ƙuma da kaska da ƙwarƙwata. Kwalba ɗaya ba za ta yi maganin waɗannan duka ba, kamar yadda ba a yi wa zazzaɓin cizon sauro da taifot magani ɗaya don kawai dukansu na sa zafin jiki.

Bari mu ba darbejiya haƙƙinta tukuna, domin ta cancanta. Baƙuwa ce a wurinmu, asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta, an shigo da ita Najeriya ta lardin Borno a 1928, amma ta zauna har ta zama 'yar gida, babu makaranta ko bakin kasuwa a ƙasar Kano da ba ta yi wa inuwa. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar darbejiya, kuma a 1968 aka ware sinadarin da ke wannan aiki a Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Sinadarin yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma rikita masa saɓar da yake yi kafin ya girma. Wato dai ba da baki kawai ake yabon man ba. An ma gwada shi a kan ƙazuwa. A wani rahoto na 1992 daga Indiya, an shafa wa mutane 814 kwaɓin darbejiya da kurkum, aka ce kashi 97 cikin ɗari sun warke cikin kwana 3 zuwa 15. A Masar kuma, a 2008, an wanke karnuka goma masu ƙazuwa da sabulun ruwa mai ɗauke da sinadarin ƙwallon darbejiya kullum har kwana 14, takwas suka rabu da ƙwaron.

Sai dai mai karatu ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Gwajin Indiya bai ware wasu marasa lafiya da aka ba wani magani daban don a kwatanta ba. Na Masar kuwa karnuka goma ne kacal, sabulun na masana'anta ne da aka auna ƙarfinsa, an yi wankan kullum ba fashi, kuma duk da haka biyu sun rage da ƙwaro a jiki. Kare biyu masu ƙwaro a cikin karnukan farauta goma sun isa su mayar da hannun agogo baya cikin wata guda. Yanzu a kwatanta da yadda ake yin man a gida. A tsinto 'ya'yan da suka zubo, a wanke, a shanya, a ɓare, a daka ƙwallon a turmi har ya yi laushi, a riƙa yayyafa ruwa ana murzawa da hannu har man ya tsattsafo, koren-ruwan-ƙasa mai wari kamar an haɗa tafarnuwa da farar wuta. Aiki ne na ƙwarai, amma babu wanda zai iya faɗin yawan sinadarin da ke cikin kowace kwalba. Ya danganta da bishiyar, da ko ƙwallon ya yi fumfuna a ajiya, da tsawon zaman da man ya yi, domin rana da zafi suna karya azadiraktin da sauri. Kwalbar da ta yi wata uku tana shan rana a tiren mai talla ranar Juma'a a kasuwar Wudil ba lalle ba ne ta rage da abin da aka saye ta dominsa. Uwa uba, man da aka shafa a sama ba ya isa ga ƙwan da ke binne cikin rami, balle ƙwaron da ke can ƙasan gindin gashi.

Wani zai ce, ai iyaye da kakanni da mai suka yi magani kuma karnukansu sun warke, ko ƙarya suke yi? Ba ƙarya suke ba, sun ga warkewa da idonsu. Abin da ido ba ya nunawa shi ne dalilinta. Mafi yawan 'yan kwikwiyon da demodes ya ci musu gashi a wuri ɗaya ko biyu sukan warke da kansu cikin wata biyu ko ƙasa da haka, ko an shafa mai ko ba a shafa ba, da zarar jikinsu ya yi ƙarfi. Makero ma yakan gaji ya tafi bayan 'yan watanni a jikin lafiyayyen kare. In aka shafa mai a tsakiyar wannan hanya, yabon sai ya tafi ga man. Sannan a tsohon haɗin nan na mai da farar wuta, ita farar wutar ce ke kisa, man abin ɗaukarta ne kawai, kuma har yau likitocin mutane na amfani da man shafawa mai farar wuta wajen ƙazuwar jarirai da masu juna biyu. Na uku, mai kowane iri yana tausasa ɓawon da ya bushe, ƙaiƙayi ya lafa, karen ya samu barci, mai shi ya ɗauka an gama. Kafin mako biyu ƙwan da ke ciki ya ƙyanƙyashe, sai a ce ciwon ne ya dawo, alhali bai taɓa tafiya ba. Karnukan da suka rame suka mutu a bayan gari kuwa ba sa shiga lissafin da ake yi a bakin majalisa.

Akwai wuraren da man shafawa shi ne daidai, kuma bai kamata a raina shi ba. Man kaɗe a kan gwiwar da ta tsage, ko hancin da hunturu ya busar, ko fatar da ke sabon warkewa bayan an kashe ƙwaro, abu ne mai kyau, kuma ɗan abin da karen zai lasa ba ya cutar da shi. Mafi kyawun misali shi ne tsutsar ƙudan nan da ke zuba ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, wadda ke huda fatar 'yan kwikwiyo ta zauna, musamman da damina. Za ka ga ƙulli kamar maruru da ɗan rami a tsakiya, in ka ƙura ido ka ga wani abu na motsi. Ta wannan rami tsutsar ke numfashi. A toshe shi da man kaɗe mai kauri, ba da jimawa ba za ta leƙo neman iska, a matsa gefen a hankali ta fito gaba ɗaya, a wanke wurin da ruwan gishiri. A nan mai ya yi aiki ne saboda an san abokin gaba an kuma san lagonsa. Amma a ɗauki man nan a lafta a kan gyambo mai ruwa da mugunya, sai ya rufe danshi, ya kama ƙura, ƙwayar cuta ta samu ɗaki mai ɗumi. Irin wannan ciwo wanki yake so, da aske gashin kewaye, da iska, wani lokaci da maganin kashe bakteriya daga hannun likita.

Batun baƙin mai da kananzir da fiya-fiya kuwa babu sassauci a cikinsa. Kare ba ya barin abin da aka shafa masa, sai ya lashe. Tsohon man inji cike yake da gurɓataccen ƙarfe da ragowar ƙonannen mai masu lahanta hanta da ƙoda. Kananzir yana ƙona fatar da ta riga ta yi rauni, in ya sarƙe karen ya gangara huhu ya zama ciwon da ya fi ƙazuwar. Fiya-fiya guba ce da ke ratsa fata ta taɓa jijiyoyi, ta sa dalala da karkarwa da mutuwa, kuma hannun yaron da aka sa ya riƙe karen bai tsira ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga itace lafiya ne. A 1981 likitoci a Malesiya sun ba da rahoton ƙananan yaran da aka ɗura wa man darbejiya suka kamu da amai da farfaɗiya da kumburin ƙwaƙwalwa, kuma ɗan kwikwiyo da ke lasar man zalla a jikinsa bai fi jariri ƙarfi ba. Sabon haɗari kuma shi ne 'yan kwalaben man ƙamshi da ake tatsa daga ganye, masu ƙarfin gaske, waɗanda ake tallatawa a Facebook da TikTok. A Amurka an tattara bayanan karnuka da kyanwoyi 443 da aka sa wa tsantsar man wata bishiyar Ostareliya mai kashe ƙwayoyin cuta tsakanin 2002 da 2012, aka samu sama da kashi uku cikin huɗu sun nuna alamun guba: kasala, tangaɗi, rawar jiki. Masu su ba mugunta suka nufa ba, magani suke nema. Wanda ya ga lalle sai ya yi amfani da man darbejiya, to ya sirka shi sosai da mai mai sauƙi kamar na gyaɗa ko na kwakwa, ya fara gwadawa a ɗan wuri ya kwana ya gani, ya kauce wa ido da baki da buɗaɗɗen rauni, ya kuma ƙyale 'yan kwikwiyo da karya mai ciki.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta aljihu. Mutumin Kausani zai ce, ina ni ina kai kare asibiti, ni da ban gama sayen taki ba, kuma wane ɗan acaɓa ne zai ɗauki kare mai ƙazuwa? Wannan magana ce ta gaskiya, kuma ta nuna giɓin da hukuma ya kamata ta cike. Amma Wudil gari ne na dabbobi, kasuwar shanunta ta Juma'a na cikin manya a Arewa, malaman dabbobi da masu sayar da magungunansu ba baƙi ba ne a wurin, kuma maganin ƙazuwar kare yana cikin jakar da ake zagaya garke da ita. Shi ne aibamektin, wanda makiyaya suka fi sani da sunan Ivomec. Shi ma daga ƙasa ya fito, daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura ya samo a turɓayar Japan, William Campbell ya gano amfaninta, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981, su biyun suka samu kyautar Nobel a 2015. Bambancinsa da kwalbar gida shi ne an auna shi, kuma yana bi ta jini ya iske ƙwaron har cikin raminsa. Ana maimaita allurar bayan kamar mako biyu, sau biyu ko fiye, don a tare waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Shi ma ba abin wasa ba ne. An haɗa kwalbar ne don sa mai nauyin ɗaruruwan kilo, kuskure kaɗan a sirinji ya isa ya makantar da kare ko ya kashe shi, ba a yi wa jariran kwikwiyo, kuma wasu karnukan Turawa irin na kiwon tumaki ba sa jure shi. Ga jabu a kasuwa. Don haka aikin malamin dabbobi ne, ba na mai kiyasi da ido ba. In mafarautan unguwa suka haɗa kai ta hannun Sarkin Baka suka kira malami rana guda ya duba karnukansu gaba ɗaya, kuɗin zuwansa da na magani zai rabu ya yi sauƙi, kuma dama haka cutar ke buƙata, domin yi wa kare ɗaya magani a cikin goma ɗiban ruwa ne da kwando. Ciwon da ya ƙi ji, sai a kankaro fatar a duba a madubin likita, abin da asibitin dabbobi a Kano ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ke yi cikin ɗan lokaci.

Abin bai tsaya a kan kare kaɗai ba. Ƙwaron ƙazuwar kare yakan hau mutum ya sa ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki, ko da yake ba ya daɗewa a jikinmu in an yi maganin karen. Makero kuwa yana zama daram a kan yara, kuma su ne masu rungumar kwikwiyo. Kowane mako da aka ɓata ana shafe-shafe, mako ne da cutar ke samun hanyar shiga gida. Ziyarar malamin dabbobi kuma dama ce ta yi wa karen rigakafin hauka, cutar da ke kashe mutane kusan 59,000 a duniya kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom ta daɗe tana haɗa allurarta a cikin ƙasar nan. A ba shi maganin tsutsar ciki a ranar, a ƙara masa abinci fiye da ƙanzo da ruwan wanke-wanke, domin karen da ke fama da yunwa fatarsa ba ta da abin kare kanta.

Bayan allurar farko, tsohon buhun da yake kwanciya a kai a ƙone shi, a share makwancin a bar rana ta gasa shi, tun da ƙwaron ba ya jure zafi da bushewa idan ya bar jiki. A yi masa wanka da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi don ɓawon ya saki, wanda ya yi wankan ya wanke hannunsa har gwiwa. Susa takan ragu cikin mako ɗaya ko biyu, amma gashi yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya rufe, yana fara fitowa siriri kamar gashin jariri a gefen kunne. A wannan tsakani ne ake lakato man kaɗe da ɗan yatsa a murza a gwiwa da bakin kunnen da suka tsage, da yamma in rana ta yi sanyi, kafin a sake shi ya koma bakin danga.